Yayanmu Mai Faɗowa daga Doki

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Yayana ta zo a Doha, wata Talata da hantsi, a makon da gari ya cika maƙil da baƙin gasar kofin duniya. Ba uwarmu ɗaya ba, ba ubanmu ɗaya ba, ko ƙasa ma ba ɗaya ba. Shi haifaffen zango ne a Ankara ta Ghana, ni kuwa Bakatsine. Amma kusan shekara hamsin ina ce masa Yaya yana ce mini Ƙane, har 'ya'yansa suka tashi suna kirana Kawu.

A gidan babban ɗansa aka yi zaman makoki, a garin Wakra kusa da Doha, hawa na biyu. Na zauna makoki a wurare da yawa. A Khartum rumfa ake kafawa a tare titi, wanda ya shigo ya ɗaga hannu a yi fatiha a tsaye. A Damagaram tabarma ce a ƙofar gida har rana ta faɗi. A Italiya na ga ana zama shiru cikin baƙaƙen kaya kamar magana laifi ce. Ban taɓa ganin makoki irin na Yaya ba, inda mutum zai shigo cikin kayan aiki, da katin shiga filin wasa rataye a wuya, ya yi gaisuwa, ya zauna minti goma yana satar kallon agogo don kada motar kamfani ta tafi ta bar shi. Da yawansu sun sake dawowa bayan sun tashi daga aiki. A waje kuwa motoci na ta oda, ana kaɗa tutoci ta taga. Ban ga laifinsu ba, murnarsu suke yi.

Wani mai gadi Bakano, ƙato, wanda ban taɓa ganin ya yi laushi ba, ya zauna a bakin ƙofa yana kuka kamar an yi masa duka. Abin da yake maimaitawa kawai shi ne, "Wa zai kira sunana ran Juma'a?" Wani tsoho Basudane da suka yi aikin barga tare a Rayyan, nan gefen Doha, ya riƙe hannuna, ya ce mini da Larabci dawaki sun san takun marigayin tun kafin ya shigo. Sai wani direba ɗan zangon Kumasi, mai yawan barkwanci, ya ga kukan ya yi yawa, ya ce:

"Jama'a, ku yi haƙuri. Baba fa ya saba. Kafin wannan ya mutu ya fi sau ɗari, Turawa na harbe shi yana tashi."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda take fitowa tare da hawaye. Babban ɗan bai yi ba. Ya ɗago kai ya ce, "Don Allah a bar maganar fim a gidan nan. A yi masa addu'a. Khalas, shi ke nan."

Direban ya sunkuyar da kai ya ce, "A gafarce ni, Yallaɓai."

Da la'asar zan tafi, ɗan ya raka ni bakin matakala. Mutum ne da furfura ta fara cin gemunsa, injiniya a wani ofis a Mushairib cikin Doha, mai tsare magana. Ya tsaya ya riƙe ƙarfen matakalar ya ce, "Kawu, na roƙe shi gafara a asibiti. Sau uku. Yana jina, idonsa a kaina yake. Bai ce komai ba."

Na ce, "Ai da abin numfashi a fuskarsa. Ta ina zai yi magana?"

Ya ce, "Ko kai bai gyaɗa ba."

Na sauka da wannan magana a raina, kuma ita ce ta sa na zauna rubutun nan.

Mahaifin Yaya mai kula da dawaki ne a filin sukuwa na Ankara, saboda haka a barga ya tashi. Da ƙuruciya ta motsa shi sai ya bi wani jirgin ruwan kaya daga Takoradi, ya sauka a Sifaniya da riga biyu. A kudancin ƙasar akwai wani busasshen yanki, duwatsu da ƙaya, wanda ya yi kama da ƙasar kaboyi ta Amurka, kuma a can Turawa suke ɗaukar finafinan kaboyi a wancan zamani. Suna neman mutanen da za su iya faɗowa daga doki yana tsakiyar gudu, su tashi da ƙafafunsu. Yaya ya je neman aikin ba dawaki ruwa, ya ƙare a kan sirdi.

Ni a lokacin ɗalibi ne a birnin Rum, ina koyon harsuna. A wani dogon hutu na bi wani abokin karatu zuwa can, don ana ɗaukar mutanen cika fage. Aikin da aka ba ni shi ne gawa. Ina kwance a rana kusa da wata rijiyar ƙarya, an zuba mini jan ruwa a ƙirji, sai wani mahayi mai ƙyalle a fuska ya faɗo dab da ni, ya mirgina, ya kwanta shiru. Can ƙasa-ƙasa na ji ya ce, "Alhamdu lillahi, wannan ma ta wuce." Da Hausa. Na manta ni gawa ne, na ɗago kai na ce, "Kai! Bahaushe?"

Darakta ya kurma ihu, ɗaukar ta lalace, aka zage ni da harshe uku, kuma duka ukun na ji su. Har Yaya ya tsufa bai bar ni na huta da wannan ba. Ko a gaban wa sai ya ce, "Ga ƙanena nan. A duk duniya shi kaɗai aka ba aikin mutuwa ya kasa."

Baƙin mutum a waɗannan finafinai abu biyu ake ba shi: ko ya riƙe wa jarumi doki, ko a rufe masa fuska da ƙyalle a sa shi cikin 'yan fashi. Yaya ya zaɓi ƙyallen. Ya ce gara ya hau da ya riƙe. Sunansa bai taɓa fitowa a rubutun ƙarshen fim ba, ko sau ɗaya. Amma duk daraktan da yake da faɗuwa mai wuya, daga gangare ko cikin ruwa, shi yake aikawa a kira. Na taɓa tambayarsa sirrin abin, ya ce, "Kada ka miƙa hannu ka tare ƙasa, hannun zai karye. Kafaɗa za ka ba ta, ka bi ta inda ta kai ka." Ba ya hawa sai ya duba igiyar sirdinsa da kansa, ko wa ya ɗaura. Da bargon doki yake salla a bayan motar kaya, yana sanye da bindigar wasa a ƙugu, har Turawan suka saba, in lokaci ya yi su da kansu suke ce masa rana ta karkata.

Abin da ya mai da shi shugaban mahayan ya faru kafin in zo, amma na ji shi daga baki uku kuma bai saɓa ba. Akwai wani mahayi ɗan ƙasar, mai 'ya'ya biyar, wanda ya koya wa Yaya aikin. Wata rana aka ɗauki yaƙi da mahaya da yawa, suka faɗi rututu. Darakta ya ce an gama, kowa ya karkaɗe jiki ya nufi wajen abinci. Mutumin nan bai tashi ba. Waɗanda suka gan shi sun ɗauka hutawa yake yi a inuwar dutse. Sai da aka cinye abinci Yaya ya ga dokinsa na yawo da sirdi, ya koma da gudu. Ya same shi da sauran numfashi, wuyansa ya karye. A hanyar asibiti ya cika.

Washegari Yaya ya je ya zauna a ƙasa a gaban dawaki, ya tattara linzamai a hannunsa. Bai yi jawabi ba, don a lokacin Sifaniyancinsa na barga ne. Ɗaya bayan ɗaya sauran mahayan suka zo suka zauna kusa da shi. Kwana uku ba wanda ya hau. Abin da suka nema ba shi da yawa: a haƙe wurin faɗuwa a cire duwatsu, a ajiye mota da mai magani a fage, kuma kada a matsar da kyamara ko a ci abinci sai an kira sunan duk wanda ya faɗi, ya amsa da bakinsa.

Akwai abu na huɗu da bai nemi izinin kowa a kansa ba. Wanda ya faɗi dole ya kwanta kamar matacce har darakta ya tsayar, wani lokaci minti biyu ko uku, dawaki na tsallake shi. A wannan tsakani ba a san mai wasa da mai mutuwa da gaske ba. Sai Yaya ya fitar da alama. Da zarar ka faɗi ka ji jikinka daidai, ka buga tafin hannunka a ƙasa sau biyu, ta ɓangaren da kyamara ba ta gani. Ma'anarta: lafiya nake, kada ka damu da ni. Ana tsayar da mahayi guda a gefe, ba ya aikin komai sai kallon hannaye. In bai ga bugu biyu ba ya ɗaga hula, a tsayar da komai. Na gani da idona an ɗauke wani Bamaroke da karyayyen haƙarƙari tun dawakin ba su gama wucewa ba, saboda hannunsa bai motsa ba.

Da abin ya zama ƙungiya, shi suka zaɓa. Mutanen Sifaniya, da na Italiya, da na Maroko, duk suka ɗaga hannu ga baƙin mutum ɗan zango wanda bai gama firamare ba. Na yi masa tafinta sau ɗaya a birnin Rum, a zama da masu shirya fim. Ɗayansu ya karkata ya ce wa na kusa da shi da Italiyanci, a hankali, me wannan baƙin ya sani game da takardar yarjejeniya. Ina shawara a raina ko in fassara ko in haɗiye, sai Yaya ya ɓalle maɓallin rigarsa ya nuna ƙashin kafaɗarsa da ya ɗore a karkace, ya ce da Italiyancinsa mai gargada, "Tawa takardar ga ta nan. Ina taka?" An sa hannu a ranar. Masu shirya fim kuma suka rama: shekara biyu ba wanda ya kira shi aiki, ya koma kwashe kashin doki. Bai taɓa ba ni labarin waɗannan shekaru biyun da baƙin ciki ba. Cewa yake yi su ne shekarun da kafaɗarsa ta huta.

Sai zamanin kaboyi ya wuce. Aka daina yin finafinan, mahayan suka watse, ƙungiyar ta mutu ba tare da wani ya kashe ta ba. Wani Balarabe mai dawaki da ya taɓa ganin aikinsa ya ɗauko shi zuwa barga a Rayyan, a nan ya yi sauran ƙarfinsa. Daga baya ɗansa ya sami aiki a Doha, da Yaya ya yi ritaya takardar zamansa ta koma hannun ɗan. Yakan ce, "Kowa kafil ɗinsa, mai tsaya masa a takardar zama, Balarabe ne, ni kuwa ni na haifi nawa." Ni ma yawon aikin tafinta ya kai ni Tarabulus da Khartum da Jidda, ya ajiye ni a nan, muka sake haɗuwa kowa da sanda.

Ba zan ce Yaya ba shi da laifi ba, don shi ma bai ce ba. Duk shekarun Turai, matarsa, Allah ya ji ƙanta, ita ta riƙe yara a Ankara. Sai shekara biyu ko uku yake leƙowa. Shi da kansa ya ba ni labarin abin da ya raba shi da babban ɗansa. Ya rubuto wasiƙa gida ya ce fim kaza zai zo sinima, yana ciki, a je a gan shi. Ɗan yana makaranta a lokacin, ya tara abokansa suka shiga. Aka yi fim aka gama, ba fuskar babansa, ba sunansa. Duk 'yan fashin fuskarsu a rufe, kuma tun farko-farko aka harbe su. Har ya bar makarantar ana kiransa maƙaryaci ɗan maƙaryaci. Yaya ya ce mini, "Ban yi tunanin ƙyallen ba, Ƙane. Ni na san ni ne a ciki. Na manta shi bai sani ba."

Na ce masa ya zaunar da ɗan ya ba shi labarin komai, da mutumin da ya mutu a inuwar dutse, da linzamai. Ya ce, "Wanda na sa aka kira maƙaryaci, da wane baki zan ba shi labarin fim?" Na matsa, ya yi fushi, mako biyu ba ya ɗaukar wayata. Mutumin da ya tsaya gaban masu kuɗin Turai ya kasa tsayawa gaban ɗansa. Wannan shi ne taurin kansa, kuma na faɗa masa yana raye.

A ƙasar nan baƙo ba ya kafa ƙungiya. Yaya ya sani, bai kuma taɓa kiran abin da yake yi da wannan suna ba. Cewa ya yi, "Ba a hana mutum kiran sunan ɗan'uwansa ba." Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mutanenmu sukan taru a wata inuwa a bakin tekun Wakra, kusa da jiragen masunta, da shayi a kofin takarda. 'Yan zangon Ghana da 'yan arewacin Najeriya, direbobi da masu gadi da masu aikin otal. Yaya zai zauna a kujerarsa ta roba ya fara kiran sunaye da ka, ba takarda. Wanda yake nan ya amsa. Wanda ba ya nan, dole wani ya faɗi inda yake da ranar da ya gan shi. Ba a shan shayi sai an kai ƙarshe. Sababbin zuwa sukan ɗauka tsufa ne. Direban nan ɗan Kumasi ya sha cewa, "Yalla, yi sauri, Baba, shayi zai huce!" Shi kuwa ya ce, "Ya huce. Ina wane?"

Da annobar korona ta zo aka rufe masallatai, aka hana taro, wasu unguwannin ma'aikata aka killace su gaba ɗaya. Yaya ya mai da kiran suna cikin waya. Kowace safiya zai aika murya, suna bayan suna, kowa ya mayar da "Ina nan, Baba." Sai wani mako suna ɗaya ya yi shiru. Mai gadin nan ne Bakano. Kwana ɗaya, kwana biyu. Aka kira wayarsa a kashe. Gini yake gadi wanda mutanensa duk sun koma aiki daga gida, abokin canjinsa kuma yana cikin waɗanda aka killace. A rana ta uku Yaya ya sa takunkumi, ya ɗauki sandarsa, ya kira direban Kumasi, suka tafi ba tare da ya gaya wa kowa a gida ba. Suka same shi a ɗakin gadi, zazzaɓi ya kayar da shi, ko caja ya kasa miƙa hannu ya jona. Suka kira motar asibiti suka tsaya har ta zo.

Da ya koma gida ɗansa yana tsaye a falo. Surukar Yaya ce ta ba ni labarin, tana kuka. Ɗan ya ce, "Baba, shekarunka nawa? Akwai jikokinka a gidan nan. In ka ɗauko ciwon fa?"

Yaya ya ce, "Bai amsa ba. Kwana uku."

"To kai ne hukuma? Kai ne likita?"

"Ni ne na kira sunansa."

A nan ɗan ya faɗi maganar da ta zauna tsakaninsu har ƙarshe. Ya ce, "Baba, nan ba fim ba ne. Nan wanda ya mutu ba ya tashi. Ka gama yi mana wasa da rai tun muna yara, ya isa."

Yaya ya wuce shi. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Da na kira shi na ce gaskiya ɗan yana da hujja a kan fitar, ya ce, "Yana da ita. Ni ma ina da tawa."

Ciwon kuwa ya kama shi bayan 'yan makonni. Ko daga can ya ɗauko ko daga wani wuri, Allah ne ya sani. Ya yi jinya mai tsawo, ya fito, amma ƙirjin bai koma daidai ba. Ɗan ya yi masa hidimar da ban ga irinta ba. Shi yake ɗaukar tukunyar iska, shi yake yi masa aski, shi yake goya shi a matakala in na'urar hawa ta tsaya. Amma magana tsakaninsu ba ta wuce ina kwana da ka sha magani ba. Kowa yana jiran ɗaya ya fara.

Da aka buɗe gari ya koma bakin teku a keken guragu. Lokacin ne Ghana ta fitar da Najeriya daga zuwa gasar, ya sami abin tsokana. Sai ya kira sunan mai gadin, in ya amsa ya ce, "Au, kana nan? Ku da ba a gayyace ku ba, me kuke yi a Doha?" Shi kuma ya ce, "Gadin ƙofa muka zo, Baba. Mu za mu buɗe muku ta fita." Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya so ya ga Ghana a fili da idonsa. An sama masa tikiti. Yana cikin aljihun rigar da ya shiga asibiti da ita.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, na sami ɗan shi kaɗai a ɗakin mahaifinsa yana ninke kaya. Na ce ya ba ni labarin ranar ƙarshe daga farko, kada ya tsallake komai. Ya ce ya zauna a gefen gadon, ya riƙe ƙarfe, ya ce Baba ka yafe mini abin da na faɗa. Shiru. Ya sake. A na uku sai ya ga hannun babansa ya motsa a kan zanin gado, ya bubbuga katifa.

"Na ɗauka wani abu ke yi masa ciwo, ko nas yake so. Na fita da gudu nemanta. Kafin mu dawo ya rufe ido, bai sake buɗewa ba. Kawu, abu na ƙarshe da ya nema a wurina ma ban gane shi ba."

Na zauna a bakin gado. Na ce, "Sau nawa ya buga?"

"Sau biyu."

"Da tafin hannu?"

Ya dube ni. "Da tafin hannu. Bara ma da ya zame a banɗaki haka ya yi a kan tayil. Me ya faru?"

Na ce ya zo gidana gobe da rana, akwai abin da zan nuna masa. Ya ce in dai fim ne ba ya so. Na ce fim ne, kuma zai zo, don ni ƙanen ubansa ne.

Ya zo. Ina da wani faifai da Yaya ya ba ni ajiya shekaru da suka wuce, fim ɗin da muka haɗu a cikinsa. Kafin in kunna na ba shi labarin mutumin da ya mutu a inuwar dutse, da kwana ukun da ba wanda ya hau, da alamar. Sai na kai faifan daidai wurin rijiya. A wannan ɗaukar an kafa kyamara ta biyu ta inda mahaya ba su zata ba, ta kama abin da ba a so ta kama, masu haɗa fim kuma ba su lura ba. Ga ni nan kwance, wannan karon na mutu yadda ya kamata. Ga mahayi mai ƙyalle a fuska ya taho a guje, aka harbe shi, ya ba ƙasa kafaɗa, ya mirgina, ya kwanta. Ƙura ta lafa kaɗan. Sai hannunsa na hagu ya buga ƙasa sau biyu.

Ɗan ya ce, "Maida baya."

Na maida. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ce, "Wannan ɗan yatsan nasa ne. Wanda ya lanƙwashe." Ya sa na maida sau biyar ko shida. Fim ɗin yana wucewa zuwa wani wuri tun mahayin yana kwance, sai ya juyo ya tambaye ni, da muryar da ba ta mai furfura ba, "Ya tashi kuwa?"

Na ce, "Ya tashi. Ya karkaɗe wandonsa ya zo ya ja mini kunne."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Na bar shi. Da ya sami numfashi ya ce, "Kawu, wannan yana nufin ya yafe?"

Na ce masa ba zan rantse a kan abin da ke zuciyar mamaci ba. Abin da na sani shi ne, shekara hamsin wannan hannu magana ɗaya yake faɗa, kuma ba ya faɗarta sai ga wanda ya san yana tsaye a gefe hankalinsa a tashe saboda shi. Kada ka damu da ni. Ba shi da baki a ranar, ya amsa da abin da yake da shi.

Da zai tafi ya ce in rubuta labarin duka, da na fim da na barga, kada in cire komai, har da abin da shi ya faɗa a falo. Ya ce yana so 'ya'yansa su karanta. Ya kuma nemi lambar direban Kumasi.

Juma'ar da ta biyo baya mun taru a bakin teku. Wurin ya cika da baƙi masu fentin tuta a kumatu, sai da muka matsa can ƙarshe kusa da ragar masunta. Wani ya kawo kujerar roba bisa sabo, aka rasa mai zama a kai. Shayi yana hannu, ba wanda ya kai baki. Can direban ya gyara murya ya fara kira, yana tuntuɓe, mutane na tuna masa wanda ya tsallake. Mai gadi ya amsa nasa da ƙyar. Ɗan Yaya yana zaune a kan dakali a gefe, cikin farar riga, karo na farko da ya taɓa zuwa. Da sunaye suka ƙare direban ya tsaya, ya dubi kujerar, bakinsa ya riga shi ya ce, "Baba?"

Dokar wurin ita ce wanda ba ya nan, wani ya faɗi inda yake. Sai ɗan ya sunkuya, ya sa tafin hannunsa a kan dakalin, ya buga sau biyu.

Ni da shi kaɗai muka san ma'anar a lokacin. Shi ya ɗago ya yi musu bayani da bakinsa, tun daga Sifaniya, shayin yana hucewa.

Allah ka sa abin da hannun nan ya faɗa ya tabbata ga Yayanmu a inda yake kwance. Ka yafe masa shekarun da ya yi nesa da gida, ka saka masa da waɗanda ya koma ya ɗauko. Ranar da za a kira kowa da sunansa, ka sa ya amsa cikin aminci, mu ma ka sa mu amsa kusa da shi. Amin.